Amalanken Yayata

Da mijin yayata ya rasu, abin da ya bar mata a Kona shi ne gona, shanun noma biyu, da tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake lulluɓawa da tamfol. Da ita ya ci da gidansa, yana kai mutane da buhunan wake kasuwar Tasawa. Tun kafin ya kwanta ciwo injinta ya mutu, har kaji sun mai da gidan gaba wurin ƙwai.

Bayan ta fita takaba, masu sayen tsohon ƙarfe suka fara zarya. Ta sallama musu injin da gangar jikin, amma ta hana a taɓa pon, wato ƙarfen baya mai riƙe da tayoyi biyu. Sai ta aiko a kira ni.

"Amalanke za ka sa a yi mini da shi," in ji ta. "Gonar tudu ta gaji, taki take so, ni kuma wuyana ya daina ɗaukar kwando."

Na kai shi Tasawa wurin wani mai walda. Ya ja shi kusa da wani pon da ke yashe a rumfarsa, ya jera su. Ko ni da ban san mota ba na ga bambanci. Namu ya fi tsawo da kusan tafin hannu biyu, ƙwaryar tsakiyarsa ta fi girma, ramukan bulon, wato ƙusoshin ɗaure taya, ma sun fi yawa.

"Kowace mota da nata," ya ce. "Wannan na masu ɗaukar nauyi ne. Amalanken garinku duk da gajeru aka yi su. Ka ce mata ta bari in musanya mata."

Na kira ta a waya a gabansa. Ta ce, "Ƙarfen maigidana nake so a ƙofar gidana. In ba zai yi ba, maido mini abina."

Ya yi, kuma ya yi kyau. Ranar da muka fara lodin taki muka gane abin da mai waldan yake nufi. Hanyar gona rairayi ce, amalanken mutane sun riga sun yi mata kwari biyu, kowa a ciki yake bi. Namu kuwa in taya ɗaya ta shiga kwarin, ɗayar sai ta hau tudu. Haka muka tafi a karkace, taki na zuba, shanu na nishi. A wata matsattsiyar kwana taya ta kwashi shingen maƙwabci. Yaya ta sauka ta ba mutumin haƙuri, ta tattara ƙayar da hannunta, ta koma gida a ƙasa. Amalanken ya zauna a ƙofar gida, ga damina na matsowa.

Ana haka wani direba daga Attantane ya yi sallama da hantsi. Mai waldan ne ya kwatanta masa gidan. Motarsa irin ta marigayi ce, pon ɗinta ya karye tun kaka. Ya nema har Maradi, wanda ya samo ya yi gajere, tayoyin na gugar jikin mota. Ya nemi izini, ya kwanta ƙarƙashin amalanken da igiyar da ya ƙulla awon motarsa a kai. Ya gwada daga taya zuwa taya, ya gwada tsakanin mazaunan sifirin, ƙarafan da gangar jikin mota ke hawa a kai. Ya fito da rairayi a gemu yana murmushi.

"Hajiya, shi ne. Wallahi shi ne."

Yaya ta kalli ƙarfen. Na ɗauka korarsa za ta yi.

"Mi kake ɗauka da motar?" ta tambaye shi.

"Mutane da gero, ranar kasuwar Mayahi. In ciwo ya kama wani a ƙauye, ni ake kira."

"Iyali fa?"

"Suna nan, Hajiya. Tun da motar ta tsaya, da ƙyar."

Ta gyara lulluɓinta. "Ɗauka. Dama ba don bin bayan shanu aka yi shi ba. Ka kawo mini gajeren naka."

Da suka kwance shi suka ɗora a wata mota, ta shige ɗaki. Na ji tana kuka, ban shiga ba. Da ta fito ta ce in zauna in ci tuwo.

Gajeren ya zauna a kwarin hanya kamar don shi aka haƙa. Shanun suka riƙa tafiya ko ba a kora su ba, muka gama kai taki kafin ruwan shuka. Geron gonar tudu ya yi kyau a shekarar, ba irin na ba da labari ba, amma ya cika rumbu.

Yanzu amalanken ba ya wuni a gida. Matan unguwa na aron shi su ɗebo ruwa ko harawar wake, ita ma ta koyi riƙe igiyar shanun da kanta. Zuwana na ƙarshe na tarar ta jibge ƙasa a tsakar gida, za a buga tubali. Ɗaki take son gina wa babban ɗanta, wanda ya ce bana zai dawo gida ya yi noma.