Yadda na mai da Mma 'yar Kano

Ban taɓa taka Kano ba, amma ina koyarwa a wata makaranta a unguwar Choggu, cikin garin Tamale na ƙasar Ghana, duk wanda ya tambaye ni sai in ce ni Bakano ne. Hujjata, kakana daga can ya zo fataucin goro. Wani mai kawo shadda ne ya riƙa zuwa mini da wata mujallar adabi da ake bugawa a can. Wallahi har shinshinar takardar nake yi. Burina ɗaya, in ga sunana a ciki.

Sai na rubuta labarin mahaifiyata, da muke kira Mma. Shekara da shekaru tana dafa waakye, wato shinkafa da wake irin na Ghana, a unguwar Bulpiela, ta ɗaure tukunya a bayan babur, ta hau da mayafinta ta nufi bakin titi. Da wannan ta kai ni makaranta. Na tura, shiru kamar an shuka dusa.

Babu wanda ya ce in gyara. Ni da kaina na ce, kai, wa zai karanta Tamale? Mutanen birni dariya za su yi, tsohuwa a kan babur! Na sauke ta daga babur ɗin, na zaunar da ita a cikin gida a Kano, ana shigowa sayen abinci. Na cire Dagbanci, yaren Tamale da take zagin masu adaidaita da shi, na sa mata kunya da sanyin murya. Mma da sanyin murya! Na sake turawa, aka kuwa buga.

Na zo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Mma ba ta karatun boko, don haka na zauna kan benci tana wanke karan dafin da ke sa waakye ja, na karanta mata daga farko har ƙarshe. Ina jira ta rangaɗa guɗa.

Ta yarfe hannu ta ce, "Ma sha Allah, ɗana ya zama ɗan birni. Wannan mata kam ta huta, ko rana ba ta sani ba. 'Yar gidan wa ce?"

Kunya ta rufe ni, har yau ina jin haushin kaina. Na ce, "Wata ce kawai, Mma."

Ta ce, "To. Ni dai na san nawa ba na shiga littafi ba ne. Ɗaga ƙafarka in zubar da ruwa."