Fiyus ɗin da Ya Ƙone a Hanyar Sara

Akwai wata Talata ta damina da ko na so in manta da ita, ba za ta bar ni ba. Lokacin ina akawu a Birnin Kudu, shekarun da arzikin mai ya fara shigowa, kowane ma'aikaci yana ɗaga kafaɗa. Ni ma na yi 'yar motata ta hannu, mai ruwan toka. Wata uku ina wanke ta safe da yamma, amma ban san komai na cikinta ba. Tuƙi kawai na iya, shi ma da ƙyar.

Da hantsi aka aiko daga ƙauyenmu, can bayan Sara ta ƙasar Gwaram, cewa jikin Baba ya yi tsanani, yana nemana. Baba bai taɓa ganin motar ba. Gaskiya zan faɗa, har da wannan a raina lokacin da na tsaya canza babbar riga.

Na sauka daga babban titi na kama hanyar ƙauye, na faɗa wani rami, sai mota ta yi shiru. Na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Na buɗe gaba na tsaya ina kallon inji kamar an miƙa wa jahili allo. Dawa ta rufe hanya dama da hagu, ta fi motar tsawo. Ba ranar kasuwa ba ce, babu mai wucewa, sai kukan kurciya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Can sai ga wani dattijo a kan keke, ya gane ni. Ya ce, "Ashe kai ne! Malam mahaifinka fa yana jin jiki. Karɓi keken nan ka yi gaba, ni na tako. Kafin azahar kana gida."

Na ce, "A'a Baba, na gode, yanzu za ta tashi."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya hau kekensa. Na gaya wa kaina tsoron barin mota a daji nake yi. Ƙarya ce. Ba na so ne a ce ɗan Malam mai mota ya shigo gari a kan keken aro.

Na yi azahar a gefen hanya ni kaɗai, na yi la'asar ni kaɗai. Na taɓa wannan waya, na ƙwanƙwasa wancan ƙarfe, rigar nan duk ta yi baƙin mai. Sai bayan la'asar wata akori-kura ta tsaya. Direban ko kallon injin bai yi ba. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya buɗe wani ɗan akwati da ban san da shi ba, ya dinga zaro wasu 'yan abubuwa da ba su kai ɗan yatsa ba, yana ɗaga su sama ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Zo ka gani, Malam. Wannan zaren cikinsa lafiya lau. Wannan kuwa ya tsinke, har ya yi baƙi. Fiyus ne ya ƙone. Ga ma sabo an maƙala maka a jikin murfin."

Ya sa, na murɗa, ta tashi. Ko minti biyu ba a yi ba.

Ina shiga gari na haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta, an ɗauko makara babu kowa a ciki. Na kashe motar nan da nake so kowa ya gani, na kasa fitowa.

A ɗaki Inna ta ce mini, "Bayan azahar ya cika. Duk motsin da ya ji a zaure sai ya ce, shi ne?"

Na ce, "Inna, mota ce ta lalace."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ai da ƙafarka ka bar gidan nan."

Har yau ƙonannen fiyus ɗin yana cikin akwatina. Na koyi cewa idan abu ya tsaya, a fara duba ƙaramin wuri kafin a zargi babba. Amma wannan mai sauƙi ne, direba ya koya mini a minti biyu. Wanda ya fi ciwo shi ne na Inna: idan naka ya kira ka, ka tafi da abin da ka samu, ko keke ko ƙafa. Baba ni yake jira, bai tambayi mota ba ko sau ɗaya.