Mai Kwaɗi

A unguwarsu babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Da fari Mai Hoto ake ce masa, saboda ɗan shagonsa da ke jikin kantin magani, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaukar hoton fasfo. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba: jan labule a bango, kujera mai gurguwar ƙafa da aka tokare da kwali, sai madubin da mutane ke gyara wuyan riga a gabansa. "Ɗaga haɓa. Kar ka ƙifta." Kusan iyakar maganarsa ke nan daga safe har yamma.

Wata damina wani magini ya ɗauke shi aikin hoton fili a bayan gari, gab da fadama. Ya gama, ya tsuguna yana wanke taɓo daga takalminsa, sai ya ga wani ɗan kwaɗo kore shar a kan ganyen bado, bai kai girman babban yatsa ba, maƙogwaronsa na bugawa. Ya ɗaga kyamara ya ɗauka. Da ya wanke hoton ya daɗe yana kallonsa. Shekara da shekaru fuskoki a ɗaure yake ɗauka, na masu neman aiki da masu shirin tafiya, ga wata halitta da ba ta ma san ana kallonta ba.

Daga nan fadama ta shiga ransa. Duk ranar da ba ya buɗe shago, gari na wayewa zai zura takalman roba masu tsawo ya fita. Ya koyi tsayawa cikin ruwa har gwiwa ba motsi, sauro na cinsa, matsattsaku na manne masa a ƙwauri. Ya san kututturen da guza ke shan hantsi a kai, ya san inda kififiya ke leƙo da hanci, ya san macijin ruwa ba ya neman kowa da faɗa in ba a taka shi ba. Maƙwabta suka fara ƙus-ƙus, wai ko ya koma bokanci. Sunan Mai Kwaɗi ya bi shi, shi kuma bai taɓa musawa ba.

Matarsa kuwa, ko ƙadangare ta gani a bango sai ta tara mutane da ihu.

"Baban Auta, mazan mutane na dawowa gida da nama, kai kana dawo mini da hoton kwaɗo. In dafa shi ne?"

"Duba idonsa kawai, Maman Auta. Kamar an zuba zinariya."

"Allah ya tsare ni. Kai takalman nan waje, warinsu ya kori kyankyasai ma."

Ran da ya kawo kunkurun da mota ta fasa wa ƙoƙon baya ya ajiye a bahon wanki, ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan yayarta, ta ce sai an zaɓa, ko ita ko shi. Kwana biyu ta dawo, ta tarar yana yanka wa kunkurun ganye. Ta karɓi wuƙar ta nuna masa yadda ake yanka shi ƙanana.

Yara suka girma suka watse. Wayoyi masu kyamara suka cinye sana'ar, ya rufe shago bai damu sosai ba, tun da fadama tana nan. Sai idonsa ya fara cin amanarsa. Ba dishi-dishi yake gani ba, gefe-gefe ne ke rufewa, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ya ɓoye wa kowa. Wata safiya wata mai wanki a bakin ruwa ta kurma ihu, ya tsaya cak da ƙafa a sama, ashe macijiya ce, kasa, kwance daidai inda zai sauke ta. Shi da ke hango hawainiya cikin ganye daga nesa, bai gan ta ba.

Auta, ƙaramar 'yarsu mai aikin jinya a wani gari, ta zo ta kai shi wurin likitan ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma bi zai yi a hankali. Auta ta yi kuka, ta sa ya yi alkawarin ba zai ƙara shiga ruwa shi kaɗai ba.

Ya cika alkawari. Ya koma zaman kujera a bakin taga, kyamara a cinya, yana goge gilashinta da gefen riga. Abinci sai an yi da gaske. In aka yi ruwan sama kwaɗin kwata suka fara kuka, sai ya karkata kai, ya faɗi irinsu a hankali, ba da kowa yake ba.

Wata safiya ya ji wani irin taku, fatan-fatan, a tsakar ɗaki. Matarsa ce cikin tsofaffin takalman robarsa, sun yi mata yawa.

"Tashi mu je. Yarinyar nan cewa ta yi kar ka tafi kai kaɗai. Amma wallahi wani abu ya taɓa ni, a can zan bar ka."

Haka suka fara. Tana riƙe da gwiwar hannunsa, tana salati duk taku. In ta hango abu sai ta matse shi har ya ji zafi. "Ga wani mummuna can. Hagu. Ƙasa kaɗan. A'a, ka wuce shi, Baban Auta! Yauwa, danna." Ashe idonta ya fi nasa ko a zamanin da yake da shi. Ita ta gano ƙwan kwaɗi jere kamar duwatsun wuya a jikin ciyawa, ita ta ga guza da 'ya'yansa. Ba ta daina zaginsu ba, amma ta fara tambaya, wannan me yake ci, wancan ina yake zuwa da rani. A hanyar dawowa sukan zauna kan wani bututun siminti su cire matsattsaku, suna hirar da ba su taɓa samun lokacinta ba tun yara na ƙanana.

Damina biyu suka yi a haka. Ana shirin ta uku ta yanke jiki ta faɗi tana shanya. Ba ta ƙara magana ba, cikin makon ta rasu.

Auta ta ɗauke shi zuwa gidanta, hawa na sama a wani dogon bene, inda ba a jin komai sai ƙahon motoci. A lokacin, hasken da ya rage masa bai fi na ƙofar allura ba. Kyamarar tana cikin akwati, bai tambaye ta ba.

Wata rana bayan ta taso aiki, Auta ta buɗe hotunan ƙarshe a kwamfuta don ta zaɓi na wankewa. Ya ji ta yi shiru da yawa.

"Lafiya, Auta?"

"Baba, rabinsu ba kwaɗo a ciki. Ruwa ne kawai da ciyawa." Ta buɗe na gaba. "Ga hannun Mama tana nuni. Nan kuma gefen fuskarta ne ya shigo."

Ya gyara zama, ya juyo da fuska wajen da muryar take.

"Dariya take yi?"

"A'a. Bakinta a buɗe, ta haɗe gira. Kamar faɗa take maka."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na rawa. Auta ta bar shi har ya nutsu.

Bai kai wata daminar ba. Kwalayen hotunansa wani malamin kimiyya ya karɓa, ya liƙa kaɗan a bangon ajinsa. Sauran suna ɗakin ajiyar makarantar, danshi ya fara manne su da juna.