Motar Malam ta sake tashi a Majidaɗi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam, direban da ya yi rayuwarsa a hanyar Jalingo zuwa Iware. Ban yi karatu ba, 'yata ce take rubuta abin da nake faɗa. Har yau ba na iya yin zancensa ido a bushe, kuma ba na jin kunyar hakan.

Tsohuwar motarsa tana ƙofar gidanmu a unguwar Majidaɗi tun ranar da ya kwanta ciwo. Tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin hutu. A bana autana Sale ya ce masu sayen tsohon ƙarfe sun taya, za su yayyanka ta. Ban hana shi ba, don ta tare hanya. Abu ɗaya na roƙa: a tashe ta in ji kukanta, ko sau ɗaya.

Allurar man motar nan ba ta taɓa aiki a gabana ba. Kullum tana kwance ƙasa, ko tanki a cike yake. Kafin tafiya Malam yakan buɗe bakin tanki, ya sa kafaɗa ya jijjiga motar, ya kara kunne. Daga motsin man yake sanin inda zai kai mu. Matan da muke sarin doya tare sukan tsokane shi, su ce, "Malam, me ta gaya maka yau?" Ya ce, "Ta ce ku rage surutu, nauyi ya yi mata yawa." Mai bai taɓa yanke mana a daji ba. A lokacin ban ɗauke shi komai ba. Yanzu da na ga motoci masu fitilu a gaban direba suna mutuwa a titi, abin yake ba ni mamaki.

Haka in injin ya fara tari yana tsallake bugu. Na tuna wata damina muna dawowa da lodi, mota ta kama rawa kamar mai zazzaɓi. Ya tsaya, bai kashe ta ba. Ya naɗe hannu da tsumma, yana cire wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Wadda ya cire kukan injin ya ƙara lalacewa, lafiyarta lau. Wadda ya cire bai ji canji ba, nan ciwon yake. Ya kwance fulogin, ya kankare baƙin da ya taru a bakinsa, muka wuce. An ce yanzu na'ura ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Na san da ya gani zai yi ta kallo yana tasbihi, don shi mai son sabon abu ne. Sai dai ina jin zai tambaya ko mai na'urar yana saurara.

Sale ya je Yelwa ya ɗauko Ɗanladi, bakanike Bamumuye, abokin Malam tun suna samari. Ya tsufa, hannunsa na rawa. Ya zubar da tsohon mai, ya wanke kafireta, aka aro batir. Sai da aka sha wuya kafin ta kama, tana tari, hayaƙi ya cika unguwa. Ina zaune a zaure ina saurare.

"Dada, motar nan bai mutu ba," in ji Ɗanladi, yana dubana. "Fushi yana yi. Kun bar shi da kaji."

Ya miƙa wa Sale tsumma ya ce ya cire waya. Sale ma'aikacin ofis ne, bai taɓa sa hannu a inji ba. Wutar ta fizge shi ya yi tsalle, Ɗanladi ya yi dariya har da tari. "Babanka ma ya sha wannan. Koma." Ya koma. Da ya zo kan wata waya sai ya tsaya cik, ya karkata kai, ya lumshe ido ɗaya. Ba wanda ya koya masa wannan tsayuwa. Sai na ga kamar Malam ne, da ransa, a gaban motarsa.

"Baffa, wannan ce," ya ce. "Ban ji ta canza ba."

Aka sa sabon fulogi, kukan ya daidaita. Daga baya Ɗanladi ya ciro wani ɗan gwangwani daga cikin tanki, wanda ya kamata ya riƙa iyo a kan mai yana ɗaga allura. Ashe ya huje, ya sha mai ya nutse tun da daɗewa. Da aka toshe shi aka mayar, na ga allurar ta miƙe a hankali. Na yi salati.

Malam bai bar gona ba, bai bar suna a gari ba. Abin da ya bari shi ne haƙurin tsayawa a gaban abin da ya lalace a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Ban san ya shiga jinin ɗansa ba sai ranar.

Da masu ƙarfe suka dawo da kurarsu, Sale ne ya fita. Na ji shi yana ce musu su yi haƙuri, motar tana da aiki, ranar kasuwa zai kai Innarsa Iware. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta.