Gaiwar da Ke Ƙarƙashin Gadon Yaya

Innarmu ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Ɗan farinta ne, ita kuwa mutuniyar da ce, mai alkunya har ta yi yawa. In tana son a kai masa tuwo sai ta ce da ni, "Ke, kai wa wancan." In ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu. Ranar da zai tafi kwalejin malamai a Zariya, ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba, duk unguwa ta raka shi bakin hanyar Hunkuyi, ita kuwa tana tsakar gida tana surfe kamar ba ɗanta ne zai hau mota ba. Ni na ga idonta, amma na ja bakina na yi shiru, don ina son kunnena.

Bai ƙare karatun ba. Tarin fuka ya kama shi, aka yi ta yi masa allura a asibiti, daga baya suka ce an makara, a kai shi gida. Aka ware masa ɗakin da ke kusa da rumbu, da kwanonsa da moɗarsa. Ni aka ɗora wa jinyarsa, wai don na fi kowa taurin kai, ko ciwo ma sai ya yi shawara kafin ya kama ni.

A tsakiyar bazara ne kawunmu magini ya shigo da curin ƙasa a kafaɗa. Suna haƙar yumɓun tubali a fadamar bayan gonakin rake, wadda ta bushe ta daddare, sai suka ci karo da gaiwa a naɗe cikin laka. Ya yanko ta da ƙasarta don a yi wa maras lafiya romo. Na ɗauko taɓarya zan fasa ke nan, sai Yaya ya ɗaga hannu daga kan gado.

"Kawu, don Allah a bar mini ita haka. Kada a toshe 'yar ƙofar nan ta sama, ta nan take numfashi."

Na ce, "Kifi da numfashi? Yaya, zazzaɓin ne ya hau maka kai?"

"Huhu gare ta, uwar surutu. Ya fi nawa lafiya ma."

Aka tura curin ƙarƙashin gadonsa. Da labari ya kai wa Inna, sai ta ce, tana fuskantar bango, "A gaya wa wancan ɗakin mutum ba kududdufi ba ne." Amma ba ta ce a fitar ba.

Tun daga ranar, in na kai masa kunu da hantsi, sai ya ba ni labarin wani zamani da ya karanta a Zariya. Tirayasik yake kiransa, ni kuwa harshena ya ƙi, na mai da shi tiren siki, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce kafin zamanin nan an yi wata mutuwa da ba a taɓa irinta ba, a tudu da cikin teku, har abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Duniya ta yi zafi ta bushe, kuma wasu masana na cewa a lokacin ƙasa duk dunƙule take wuri guda, ba teku a tsakani.

"Ba dawa, ba gero, ba rake. Ko ciyawa babu, ko fure."

"To awaki me suke ci?"

"Ba awaki."

"Kai, wannan ai ba duniya ba ce, kufai ne!"

Ya ce akwai masu rai dai. Akwai wata dabba gajera mai haure biyu, mai haƙa rami ta shige, ita ce ta cika ko'ina bayan mutuwar. Akwai dangin kwaɗo masu kai kamar faifan rufe tulu, har da waɗanda suka fi haka girma nesa ba kusa ba, suna kwance a bakin ruwa suna jiran abin da zai zo sha. Akwai kakannin kada masu dogayen ƙafafu, suna gudu a tudu. Manyan ƙadangarun nan da ake zanawa a littafi kuwa, a lokacin ƙanana ne, suna raɓe-raɓe. Sannan a ƙarshen zamanin aka sake wata mutuwar, ta kwashe da yawa daga cikinsu. Sai ya miƙa siririn hannunsa ya nuna ƙarƙashin gado.

"Dangin wannan suna nan tun kafin mutuwar farko, suka ga ta biyu, ga su har yau a bayan gonar Baba. Ana samun haƙoransu a cikin duwatsun wancan zamani."

Na tambaye shi da wane ƙarfi, abin da ko ƙaya mai kirki ba ta da ita. Ya ce ba ƙarfi ba ne. In ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙinta, ta rage numfashi, ta riƙa cin naman jikinta kaɗan-kaɗan har damina ta dawo. Ashe maganar da tsofaffi ke yi, gaiwa mai cin jikinta, ba ƙarya ba ce. Na dubi wuyan hannunsa da ya koma kamar sillen kara, na kau da kai.

Ya lura. Ya ce, "Ni ma abin da nake yi ke nan, ƙanwata. Ki bari ruwan farko ya sauka, iska ta yi sanyi, ni da ke za mu kai ta fadama da ƙafarmu."

Na riƙe maganar nan da hannu biyu, wauta ko ba wauta ba. Kullum sai na fita bayan gida na dubi gabas.

Babanmu malamin allo ne. Wata rana bayan la'asar ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare, Yaya na bayanin yadda halitta ke sauya kama a hankali, zuriya bayan zuriya, har a sami wadda ba ta yi kama da kakanninta ba. Na ce a raina, yau akwai ta. Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Halakar al'ummu kam mun sani, wanda ya yi su shi ya shafe su. Sauran zancen kuwa, in ka warke ma zauna." Ya juya da sauri ya nufi zaure. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga muhawara zuwa gobe ba sai ranar.

Zafi ya yi ta ƙaruwa. Hadari ya haɗu ta wajen Makarfi, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa aka dawo. In masu dubiya suka ce, "Ya jiki?" sai Yaya ya ce, "Rai dai, an cire wa fara kai." Daga baya maganar ma ta gagara. Abin da ya rage shi ne numfashin: shiru mai tsawo, sannan ya ja iska da wata ƙara kamar ana zuƙe ruwan ƙarshe a moɗa. Ana jin ta har tsakar gida. Na sha ganin Inna ta tsai da taɓarya a sama, sai ta ji ya ja, sannan ta sauke. Amma ba ta shiga ɗakin ba. Na yi mata rashin kunya a kan haka, na ce, "Inna, ɗanki ne fa!" Ta ce, "Ke, kai wa wancan ruwa."

Da hantsi Yaya ya cika, ranar wata Laraba, rana ƙwal ba ko gajimare. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, masu gaisuwa suna ta yaba haƙurinta. Ni kuwa haushi ne ya cika ni, haushin kowa da komai.

Ba a gama zaman makoki ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Washegari aka ce na share ɗakin, a ƙona tabarmarsa. Da na janye gadon na fitar, sai ga curin nan, yadda aka ajiye shi. Wallahi na so na ɗaga shi na maka da ƙasa. Yaya ya tafi, ita ko a jikinta, an tsikari kakkausa. Amma ya ce za mu kai ta fadama. Na jawo babban kasko cikin ɗakin, na saka curin, na kwara masa ruwan sama daga tulu, na fita na ci gaba da aikina. A raina ina fatan ta mutu, don a yi raba daidai.

Bayan azahar ina wanke kwanoni a gindin rumbu, Inna na tankaɗe a ƙofar madafa. Gidan tsit. Sai ƙarar nan ta fito daga ɗakin Yaya: shiru, sannan aka ja iska, irin ja ɗin nan dai, ba bambanci.

Rariya ta faɗi daga hannun Inna, gari ya watse. Ta miƙe ba ko mayafi, ta nufi ɗakin da gudu, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, har sau biyu, sai da Baba ya jiyo daga zaure.

Na iske ta a tsaye a tsakiyar ɗakin da ba gado ba tabarma. A cikin kasko lakar ta narke, gaiwar ta ɗago baki saman ruwa, ramammiya, ta sake jan iska ta nutse. Inna ta durƙusa a gaban kaskon, ta daɗe tana kallo.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ɗauko mini mayafina. Ai cewa ya yi a kai ta fadama."

Ashe duk abin da yake faɗa mini, tana ji.