Dogayen Takalman Iliyasu Baduku

Iliyasu baduku ne a Saulawa, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa. Kube yake ɗinkawa da layu da jakunkunan fata, in takalmin wani ya tsinke ya gyara. Ba mai yawan magana ba ne. Matarsa Huseina ce mai surutun gidan, in ka ji dariya ta tsallako danga, ita ce.

Da kakar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, Huseina ta tafi taya ƙanenta Gambo tsigar gyaɗa. Ta sa ƙafa gindin tarin harawa, sai ta ji abu kamar ƙaya a idon sawu. Gambo ya ɗaga harawar da fartanya ya ga kububuwa a naɗe, 'yar ƙarama, launinta kamar ƙasar gonar. Ya kashe ta, ya goyo yayarsa zuwa gida.

Aka ɗaure ƙafar, aka yi tsaga, aka ba ta jiƙo. Washegari ƙafar ta kumbura, amma ta rarrafo ta dama kunu.

Ta ce, "Malam, koma bakin aikinka. Ɗan wannan abin ne zai zaunar da kai?"

Ya koma. Kafin la'asar Huseina ta tofar da yawu ya fito ja. Jinin tsagar da aka yi mata ya ƙi tsayawa, aka yi ta sauya tsumma. Sai ranar kasuwar Ikara suka sami motar da ta kai su birni. A asibiti aka yi mata allurar maciji, aka sake yi, jinin bai tsaya ba. A can ta cika.

Akwai wani dattijon malamin asibiti, Sa'idu, wanda ya yi ta ɗawainiya da su. Da Iliyasu ya zo yi masa sallama, sai ya kasa tafiya.

Ya ce, "Malam, na yarda kwananta ne ya ƙare. Amma an ce allurar nan tana karya dafi. Me ya hana ta?"

Sa'idu ya zaunar da shi a benci. Ya ce, "Dafi ba abu ɗaya ba ne, haɗi ne kamar miya, kowane maciji da kayan haɗinsa. Na gamsheƙa nama yake ruɓarwa. Akwai mai shanye jijiya har numfashi ya tsaya. Na kububuwa jini yake bi, ya cinye abin da ke sa shi daskarewa. Kuma ko kububuwar, ta wata ƙasa ba ɗaya take da tamu ba. Tun zamani mai nisa dafin kowacce ya daidaita da abin da take farauta, mai cin kunama daban, mai cin ɓera daban. Allurar da ke hannunmu da dafin macizan wata ƙasa aka yi ta. Wata rana ta kama, wata rana ta ƙi. Ga shi kuma kun iso jini ya riga ya zuba."

"To mu yaushe za a yi tamu?"

"Allah ne Masani. Abin da nake gani dai, yawancin waɗanda ake kawo mana ƙasa da gwiwa ne aka sare su."

Bayan an share makoki, Iliyasu ya roƙi manoma duk wanda ya kashe kububuwa ya kawo masa kanta. Mutane suka fara raɗe-raɗin baƙin ciki ya taɓa shi. Shi kuwa buɗe bakin yake yi da tsinke, ya danna haƙoran a kan fata. Fatar akuya suka huda ta. Ta tunkiya ma haka. Ƙirgin saniya da aka jeme da kyau, aka ninka a idon sawu, nan haƙoran suka lanƙwashe.

Ya ɗinka takalma masu tsawo har gwiwa. Na farko Gambo ya ba. Gambo ya karɓa da hannu biyu, ya sa yini ɗaya, ya dawo da bororo a dunduniya. Iliyasu ya sassauta ɗinkin, ya yi musu shafi da fata mai laushi. Duk da haka manoma suka ce akwai nauyi, akwai zafi, laka na kama su da damina. Mata kuwa dariya suka yi, suka ce wa zai gan su da ƙafar soja. Wannan ta fi yi masa ciwo, don dominsu ya fara.

Makiyaya ne suka fara nema da gaske, su da ke ratsa ciyawa da sassafe. Wani Bafulatani daga wajen Kurmin Kogi, Ja'afaru, ya zo da nasa a hannu, ya nuna wasu 'yan huji biyu da ba su ratsa ba, da busasshen ruwa rawaya a kansu.

Ya ce, "Baba, ban ma ji ba sai da na ga tana jan jiki."

Iliyasu ya daɗe yana shafa wurin da yatsa. Sannan ya shiga gida, bai fito ba sai azahar.

Bai sake aure ba. Ya ci gaba da ɗinkin har idonsa ya daina ganin bakin basilla. Ba a daina sara a Saulawa ba, kowace kaka sai an yi jana'iza, don masu zuwa gona ƙafa ba takalmi sun fi yawa. Amma da ya rasu, daga Furana da rugagen Kudan aka zo, mutanen da danginsa ba su taɓa gani ba, suka cika sahu har bayan masallaci.