Kanarin Baba Mudi a Kan Taswirar Kano

In dai mutum ya taɓa cin kasuwar Kafin Maiyaki, to ya san Baba Mudi masassaƙi, dogon tsohon nan na layin turame wanda ba ya dariya ko da faɗuwa aka yi a gabansa. Turmi, taɓarya, ƙota, kujerar tsuguno, duk aikin hannunsa ne. Wai mutane cewa suke girman kai gare shi. Ƙarya ne wallahi, abin da ke cinsa daban.

Shi ba ɗan nan ba ne. A wani ƙauye aka haife shi, Kanyar Gabas, kuma kar wanda ya wahalar da kansa nema, yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Yana saurayi aka datse kogin, aka ce kowa ya kwashe nasa ya nasa. Wasu suka yi Bebeji, wasu Tudun Wada, shi ya faɗo Ba'awa. Kabarin uwarsa can aka baro shi, wa zai ɗauki kabari? Taɓaryarta ta icen ƙirya kawai ya fito da ita. Matarsa Baturiya ta sha mita a kan taɓaryar nan. Ba a daka da ita, ba a matsar da ita, tana jingine a ɗaki kamar suruka.

Labari ɗaya gare shi a duniya, na kanarin garinsu. Wai da safe in uwarsa na daka sai su cika kanyar ƙofar gida suna ta rera kuka. Tun ana saurara har aka gaji, in ya fara sai kowa ya tuna yana da aiki. 'Yan garin nasu kuma suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana babu mai ce masa haka ne.

Rannan wani hedimasta, Malam Sadiq, ya zo ya ce taswirar Jihar Kano yake so ta katako, babba, don bikin makaranta. A sa Dutsen Dala, a sa dalar gyaɗa, a sa marina da dajin Falgore, Tiga kuma a shafa mata shuɗin fenti. Baba Mudi ya je makarantar ganin ta takarda, ya tarar yara na rerawa: ƙananan hukumomi arba'in da huɗu, jihar da ta fi kowace yawan jama'a. Ya bi takardar da yatsa yana neman garinsu. Shuɗi kawai.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "miliyoyin nan da yara ke faɗa, har da na ƙarƙashin ruwa aka ƙirga?"

Malam Sadiq ya yi dariya, ya ce ai ƙidaya ta masu rai ce, Baba.

Ya yi aikin tsaf, har ƙananan buhunan gyaɗa ya fitar. Da ya gama sai ya shiga ɗaki ya ɗauko taɓaryar, ya sa mata zarto. Baturiya na tsaye tana kallo. Mutumin da tunda yake bai taɓa sassaƙa abu mai rai ba, don ya san hukuncin, sai ga shi ya fitar da kanari, ƙirji a turo, baki a buɗe. Ya kafa shi da ƙusa cikin shuɗin, daidai inda yake jin garinsu yake. So yake duk wanda ya gani ya tambaya, in an tambaya dole a faɗi sunan Kanyar Gabas.

Ana gobe biki dattawan makaranta suka zo dubawa. Alhaji Uba, shugaban iyayen yara, ya yaba aikin sosai, amma ya ce siffar mai rai ba za ta rataya a ajin da ake karatun addini ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, har da "yi haƙuri, Malam Mudi". Ko a cire tsuntsun gaba ɗaya, ko a sare masa kai, shi ke nan ya tashi daga siffa.

In an cire, shuɗi ya koma shuɗi. Sai Baba Mudi ya ce:

"A bar shi a wurin. Ni zan sare."

Da gizagonsa ya yi, sara ɗaya. Ya tsinci kan ya jefa aljihu.

Ranar biki yana can baya a tsaye. Wata yarinya na nuna wurare da sanda, sai wani baƙo ya tambaya, wannan ƙullutun na tsakiyar ruwa fa? Yarinya ta daburce ta kalli malamar ajinsu. Ita kuma malamar baƙuwa ce, ba wanda ya gaya mata komai, sai ta ce dutse ne a tsakiyar dam. Yara suka ɗauka gaba ɗaya, dutse ne a tsakiyar dam. Aka yi tafi. Malam Sadiq na can wajen raba wa manyan baƙi lemo. Baba Mudi ya buɗe baki, ya ga ba mai kallonsa, ya rufe, ya kama hanyar Ba'awa.

Bai sake ba da labarin kanarin ba. Daminar da ta biyo ya rasu, da aka cire masa riga za a yi wanka aka ga kan tsuntsun a aljihu, ya yi baƙi da taɓi.

Da Baturiya ta fita takaba ta hau babur har Tiga, ta samu wani masunci, Isa, ta roƙe shi ya kai kan nan saitin Kanyar Gabas ya saki. Shi bayan an yi dam aka haife shi, ko sunan bai taɓa ji ba. Ya tambayi na kusa da shi, su ma haka.

"Iya, duk ruwa ne fa," in ji shi.

Ta tsaya har ƙafarta ta gaji, sannan ta jefa shi nan bakin gaɓa, inda ake wankin babura. Ƙirya nauyi gare ta, take ya nutse cikin taɓo.

Taswirar na nan rataye a ajin, fentin ya fara ɓarewa. Yara har yanzu dutse suke cewa.